Ƙararrawar da Kawu Ya Gane

Wanda Ya ba mu aron Kawu Ya karɓi abinSa ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na unguwar Misfala a Makka, ba mu kuwa da abin cewa sai godiya. An yi masa salla a Harami bayan la'asar, muka raka shi makwancinsa. Shekara ta kusa zagayowa yanzu. Na daɗe ina son in rubuta wani abu don kada a manta da shi, amma akwai sirrin wani bawan Allah a tsakiyar labarin, sai da ya ba ni izini sannan na ɗauki alƙalami.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin na Kawu ba. A Makka an saba a jera kujeru a ƙofar gida kwana uku, a zo a yi gaisuwa, a kurɓi gahawa, a tashi. Namu kuwa tun ranar farko lungu ya cika maƙil da tsofaffin kekuna. Dattawa suka zo daga unguwannin Utaibiyya da Kudai, wasu ma daga Jidda suka ɗoro nasu a bayan mota, aka jingine su a bango reras. Sai ka ga mutum ya rungume ka yana hawaye, yana cewa Allah Ya girmama ladanku, yana sakinka idonsa ya faɗa kan sirdin keken wani, sai ga shi tsugune yana tambayar inda aka samo shi. Inna, wato mahaifiyata, ƙanwar mamacin, ta leƙo ta taga ta ce, "Wannan azza ce ko kasuwar sikal?" Wato zaman makoki ne ko kasuwar keke. Ta yi kuka, ta yi dariya, sannan ta ce a ƙyale su, haka yayanta zai so.

Wani tsoho ya riƙe hannuna ya ce, "Yanzu wa zai ƙara yi mana tsawa a kan birki?" Wani ya ce shi tun da ya ji rasuwar yake sake sauraron saƙonnin Kawu a waya, har matarsa ta ce zai haukata ta. Abinci kuwa bai yanke ba. Kowace safiya sai mu tarar da tamis mai zafi a ƙofar gida, faffaɗan burodin nan da ake karyawa da wake, kowa yana zaton wani ne cikin dangi ya aiko.

A ranar farkon ne surukin Kawu, mijin babbar 'yarsa, ya ja ni gefe. Ma'aikacin ofis ne, yana da kekuna bakwai a falo da ko ƙura ba ta isa ta taɓa su ba. Ya ce, "Makullin zaure ya dawo hannunka. Mai Koren Keke fa? Wanda ya tsaya masa ya tafi. Halas, magana ta ƙare, ko ya bayyana kafin a tashi zaman nan, ko ka cire shi." Zauren da yake nufi shi ne na waya, inda mu masoya tsofaffin kekuna muke haɗuwa. Dokarsa ita ce kowane mutum sai da wani rayayye da ya gan shi ya tsaya masa. Mai Koren Keke kuwa babu wanda ya taɓa shaidarsa sai Kawu, kuma rabin zauren sun yi imani ba mutum ba ne, inji ne. Na amsa wa surukin da to, kuma in faɗi gaskiya, da murnata na amsa.

Amma bari in fara da Kawu kansa.

Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan daga ƙasar Hausa, shi kuma a Misfala aka haife shi, a nan ya koyi gyaran keke tun gemunsa bai fito ba. Shagonsa bai fi shimfiɗar darduma uku ba. In ka kawo masa keke, keken yake fara gaisarwa. Zai shafa sirdi ya ce, "Sannu, sun wahalar da kai," sannan ya ɗago ya dube ka da idon tuhuma. Ba ya tambayarka abin da ya lalace. Sai ya ɗaga ƙafar baya, ya murza feda, ya rufe ido, ya karkata kai. Kafin tayar ta tsaya ya gaya maka ciwon, ya gaya maka wanda ya jawo shi, kuma kusan kullum kai ne. Bai taɓa barin mutum ya fita da birki mara kamawa ba, ko da faci kawai ya kawo ka, don ya ce gangaren Makka ba ya jin ban haƙuri.

Da motoci suka cinye gari, aikin ya ja baya, sai kuma Allah Ya kawo zamanin da masu hali suka shiga neman kekunan kakanninsu. Kawu ya ji daɗin haka, amma bai fasa yi musu tsiya ba. Yakan ce da surukinsa, "Keken da ba a hawa ya mutu, ya waladi, ɗana. Gawa kake gogewa." Duk Juma'a bayan la'asar ana shan shayi a ƙofar shagon, kuma wanda ya zo da keke a bayan mota sai ya zagaya lungu sau ɗaya a kansa kafin a ba shi kofi.

Ni na buɗe masa zauren waya. Bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya a ciki ba, sai saƙon murya. Yana farawa da gyaran murya, ya yi sallama ga na Makka, ya yi ga na Madina, ya yi ga na Kano da Maraɗi, sannan ya shiga magana. Sau da yawa yakan manta ya kashe, sai mu ji shi yana faɗa da mai shayi a kan sukari. Wallahi waɗannan saƙonni su ne abin da na fi so a wayata har yau.

Ana nan sai wani sabo ya shigo. Rubutunsa sumul, amsarsa kamar walƙiya, duk abin da aka tambaya ya sani. Ya zuba hotunan kekuna masu ƙyalli, ya ce yana da kayan gyara na asali ga mai so. Muka yi ta yaba shi. Kawu dai, na karanta masa rubutun sau biyu yana jujjuya sifana a hannunsa. Can ya danna waya ya ce, "Ɗana, kekenka in ka saki hannu, wane gefe yake ja?" Kafin ya ajiye wayar amsa ta iso, doguwa, an jera dalilai bakwai da ke sa keke ya karkace, da maganin kowanne. Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Na tambaye shi kekensa, ya ba ni labarin kekunan duniya! Wannan bai taɓa faɗuwa a kan kwalta ba." Muka ce da sabon ya turo hoton hannunsa riƙe da sarƙa, bai ƙara motsi ba. Ashe irin manhajar nan ce da ke rubutu kamar mutum, wani ya sake ta a cikinmu.

Ranar zauren ya kusa fashewa don murna. Kowa yana kirari ga Kawu, shi kuwa yana ta hura hanci. A ranar ya kafa dokarsa. Duk mai son shiga sai ya faɗi aibin kekensa, don mai keke na gaske aibin yake fara sani. Sai ya kaɗa ƙararrawa a ji. In a Makka yake ya zo shayin Juma'a, in nesa yake wani da ya gan shi ya tsaya masa. Muka bi tsofaffin 'yan zaure ɗaya bayan ɗaya, kowa ya wuce, sai mutum ɗaya.

Mai Koren Keke ya daɗe a cikinmu, sunan da ya sa wa kansa ke nan. Ya ce a Makka yake, amma bai taɓa zuwa shayi ba, bai taɓa turo murya ba. Hotonsa ɗaya ne, koren keke jingine da farin bango. Rubutunsa dogo ne, tsaf-tsaf, Hausa zalla, babu Larabcin da mu muke cakuɗawa ko'ina. Kuma kullum lokaci ɗaya yake rubutu, bayan azahar. Da aka tambaye shi aibin kekensa ya ce, "Yana ja hagu idan kariyar ɗaukar kaya ta yi nauyi, kuma fedar dama tana kuka idan rana ta take." Surukin Kawu ya ce, "Kun gani? Injin ya karanta hirarmu, ya koyi amsa."

Kai, mun sha farauta a makonnin nan! Ni ne sarkin mafarautan. Na tattara rubutunsa duka, na ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ta yi mini kyau da yawa. Muka buɗe wani ƙaramin zaure a ɓoye don shirya masa tarko. Mu tambaye shi yanayin gari, ya faɗa daidai, mu ce ai inji ma ya sani. Ya yi kuskure, mu ce da gangan ya yi don ya ɓad da mu. Ina tuƙi ina tunanin tarko, ina cin abinci ina tunanin tarko, har Inna ta tambaye ni ko aikin 'yan sanda na samu. Abin da ban tsaya na lura da shi ba shi ne, duk shawarar da ya bayar a kan sarƙa ko birki in an gwada sai ta yi.

Da muka kai ƙara wajen Kawu, ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya ɗauki waya ya ce, "Mai Koren Keke, ba na son muryarka, ba na son fuskarka. Kaɗa min ƙararrawa sau uku." Washegari bayan azahar saƙo ya shigo. Ina shagon. Ƙara uku ce, kowace tana farawa garau, sai ta ƙare da 'yar dishewa kamar mai mura. Kawu ya manna wayar a kunne, ya sake, ya sake. Na ga fuskarsa ta washe. Ya danna ya ce, "Na san shi. Mutum ne. Ni na tsaya masa." Saƙo mafi gajarta ke nan da ya taɓa turawa.

Nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce, "Kawu, wane ne?" Ya ce, "Ba naka ba ne." Na ce ƙarar ƙararrawa ai ana iya ɗauko ta ko'ina, kuma shi ya kafa doka, ga shi shi ya fara karya ta, me zan gaya wa mutane? Ya ajiye sifana ya dube ni, ya ce, "Ya waladi, na yi dokar don a kori inji. Ban yi ta don a tuɓe mutum a kasuwa ba." Na yi fushi ƙwarai. Juma'a biyu ban je shayi ba, har na ce da surukinsa tsufa ya fara kama Kawu, maganar da har gobe nake jin ciwonta.

Kawu ne ya neme ni. Ya aiko cewa kekena yana kewar giris. Da na je bai tayar da maganar faɗan ba, ya zuba min shayi, ya kunna ƙarar nan ya ce, "Me ka ji?" Na ce ƙararrawa. Ya ce, "Kunnenka na ado ne. Sake ji." Ya kunna min ita ya fi sau goma, har ya nuna min inda dishewar take farawa, ya ce tsagewa ce aka liƙe da dalma, kuma wanda ya liƙe ta sauri yake yi. Daga ranar duk sanda na je sai ya kunna min, yana dariya ƙasa-ƙasa. Na ɗauka tsokana ce kawai. Bayan 'yan watanni ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba.

To, ga mu a safiyar kwana na uku. Tun ranar farko na rubuta a zaure cewa duk wanda ba shi da mai tsaya masa ya bayyana kafin a tashi zama. Mai Koren Keke kuwa gaisuwar rasuwa kawai ya rubuto, wadda ta sa har masu zarginsa suka yi shiru. Rana ta fara fitowa, ina tsakar gida ina wanke kofunan gahawa, wayar tana aljihuna, na riga na yanke cewa da magariba zan cire shi.

Sai na ji ta daga bakin lungu. Garau, sannan dishewa. Garau, sannan dishewa. Na yar da kofi na zabura waje ba takalmi, na kusa ture kujeru. Wani dattijo ne siriri mai furfura a gemu, yana kaɗa wa wata tsohuwar hajiya ta ba shi hanya. Kekensa kore ne da rana ta koɗar, kariyarsa ɗauke da akwatuna biyu na tamis. Ya tsaya a ƙofarmu, ya sauke ƙulli mai zafi, ya juya zai tafi. Na riƙe masa hannun keke ina haki, na ce, "Baba, kai ne!"

Ya dubi lungu hagu da dama kafin ya amsa. Ya ce, "Ni ne, ɗana. Yi a hankali." Ya ce malamin lakwal ne shi, wato makarantar boko, a can ƙasarsu, shekara da shekaru yana koyar da yara rubutu, shi ya sa hannunsa bai iya rubuta abu a karkace ba. Ya zo aikin hajji ya tsaya, ba shi da iƙama, wato takardar zama. Kai wa shaguna tamis yake yi tun asuba, bayan azahar ne kawai yake samun zama ya taɓa waya. Murya da hoto kuwa, ya ce, ba ka san hannun da za su faɗa ba.

Na ce Kawu fa, ta yaya? Ya shafa ƙararrawar ya ce, "Shi ya liƙe ta. Shekarun baya ta faɗi ta tsage, na tsaya a shagonsa ana kiran salla, ya yi sauri ya haɗa, ko sunana bai tambaya ba. Washegarin da na tura ƙarar, na tarar da shi tsaye a bakin lungu da kofin shayi biyu. Ya ce, 'Malam, asirinka da shi za a binne ni.'" Dattijon ya share ido da gefen rawaninsa. Sannan ya ce, "Na ga abin da ka rubuta. In za ka cire ni, babu komai, doka ce. Sai dai duk garin nan, zaurenku ne kaɗai inda ake tambayata abin da na sani."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Mutum ɗaya tak a cikinmu da yake hawan tsohon keke kowace rana don neman abinci, shi muka ce inji ne, mu masu goge gawa. Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun tuni, wai ma tarkunanmu suna ba shi dariya. Ban san abin da ya hau kaina ba, na ce ya ara min keken. Na hau da akwatunan a baya, na gangara lungu, na saki hannu kaɗan. Ya ja hagu! Na yi ihu ni kaɗai, ina dariya hawaye na zuba, ba takalmi, a ranar ukun rasuwar kawuna. A nan na gane abin da ya sa Kawu ya yi ta cusa min ƙarar nan a kunne. Ya san makullin zai dawo hannuna, kuma ya yi alkawarin ba zai faɗa ba.

Da aka zauna karin kumallo na ɗauko waya. Ban rubuta ba, na danna murya kamar yadda yake yi, na ce, "Na gan shi. Mutum ne. Ni na tsaya masa." Wayoyi suka yi ƙara a lokaci ɗaya. Surukin Kawu ya saurara, loma tana hannunsa, ya zaro ido ya ce, "Kai ma? Wane ne? A ina yake?" Na ji maganar ta fito daga bakina da muryar da ba tawa ba. Na ce, "Ba naka ba ne, ya shehu. Ci tamis ɗinka kafin ya huce." Ya yi ta mita, amma ya cinye, har ya ƙara.

Yau Malam yana garinsu cikin jikokinsa, shi ya sa bakina ya buɗe. Ya bar min keken, ya kwance ƙararrawar ya tafi da ita. Saƙon muryarsa na farko a zaure da ita ya fara, sau uku, sannan ya yi sallama ga na Makka, ya yi ga na Madina, ya yi ga na Kano da Maraɗi. Suruki, in kana karanta wannan, tamis ɗin da ka yi kwana uku kana yabawa na injin ne.

Ya Allah, Kawu yana hannunKa. Ya rufa asirin wani bawanKa a lungun Misfala har ya shiga kabari bai buɗe baki ba. Ka rufa masa nasa.